Ni Na Yanke Baƙon, Malam Hamza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, takwas ga Jimada Sani 1446, wadda ta yi daidai da goma ga Disamba 2024, Allah Ya karɓi ran Malam Hamza mai auren itace, a gidansa da ke bakin fadamar Tungar Yalwa, kusa da Nasarawar Burkullu, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan sallar Azahar. Ya bar matarsa Mansura da 'ya'ya uku, da itatuwan da babu wanda ya san adadinsu daga nan har Gummi.

Ina cikin aji labarin ya iske ni. Wani mai babur ne ya tsaya a bakin taga ya ce, "Malam Halilu, ka jiya? Hamza Tsami ya rasu." Ba da mugunta ya faɗa ba, sunan da ya san ka da shi ke nan, Malam Hamza. Na ajiye alli na fita bayan aji, na daɗe a tsaye. Mutuwarka ta girgiza ni, Malam, amma abin da ya hana ni ɗaga kai shi ne sunan. Na san inda ya samo asali, kuma na san ba naka ba ne. Saboda shi nake wannan rubutu.

Wanda bai san ka ba sai ya ɗauka a nan aka haife ka, alhali kuwa baƙo ne kai. Daga wani ƙauye na ƙasar Zariya ka zo a 2008, cikin ayarin masu neman zinariya, ka yi aikin niƙan dutse a wajen Yargalma. Da gubar dalma ta soma ɗaukar ƙananan yara a 2010, sai ka ajiye aikin ba tare da kowa ya kore ka ba. Ka taɓa gaya mini cewa tun ranar da ka ga an fita da yara uku daga gida ɗaya, ka kasa sake kallon ƙurar da ke jikin rigarka. Abokan zuwanka suka yi gaba neman wani ramin, kai kuwa ka zo wurin mai garinmu ka roƙi wani ɗan zirin fadama da kowa ya raina.

Mun yi maka dariya, kuma har da ni. Ranar kasuwa sai a gan ka da buhu kana bin ƙarƙashin teburan masu mangwaro, kana tsintar ƙwallon da mutane suka tsotse suka yar. Ana cewa ga mutumin da ya bar zinariya ya koma kiwon ƙwallo. Mafi munin mangwaro kake nema, ɗan ƙaramin nan mai zare da ke cika wa mutum haƙora. Haka ma lemu, sai ka zaɓi babban lemun tsamin nan mai kaushin ɓawo wanda ko akuya takan shinshina ta wuce. In an tambaye ka dalili, sai ka yi murmushi ka ce ba 'ya'yansu kake so ba, gindinsu kake so.

Sana'ar mahaifinka ce, a lambunsa ka koye ta, kuma ba ka taɓa ɓoye ta ba. Kowa ya tsaya a bakin shingenka sai ka yi masa bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ka ce itacen da ya tashi daga ƙwallon banza yana da saiwa mai nisa, yana jure fari da gara da taurin ƙasarmu, amma 'ya'yansa ba sa ciyuwa. Mai zaƙi kuma rago ne, in ka shuka shi da gindinsa rani ɗaya ya ishe shi. Don haka sai a raini na banzan har ya kai kaurin ɗan yatsa, a ɗebo ido, wato ɗan ƙullin da toho ke fita, ko ɗan reshe daga mai zaƙi, a tsaga ɓawo a cusa, a naɗe da zirin leda. In sun kama juna, an yi aure ke nan. Gindin nan da ke ƙasa kana ce masa ɗan gida, reshen da aka ɗora masa kuma kana ce masa baƙo. Wurin da suka haɗu yakan bar tabo a jikin itacen har ya tsufa.

Ina tuna mangwaron Inna Asma, tsohuwar nan ta bayan makaranta. Marigayi mijinta ne ya shuka shi, shekara talatin yana zubar da 'ya'ya masu zare, har 'ya'yanta suka yi shawarar sare shi a yi makamashi. Tsohuwa ta ƙi cin abinci kwana biyu. Ka ji labari ka je da zartonka, ka rage masa rassa, ka jira ya yi toho, ka ɗora masa reshen mangwaron Binta siga a gefe ɗaya, na bakin aku a ɗaya gefen. Da ta aiko maka da kaza ka mayar, ka ce a gaya mata in ya yi 'ya'ya ta ajiye maka ƙwallon kawai. Yau jikokinta ne ke faɗa a ƙarƙashinsa. Ire-iren wannan suna da yawa. Mutanen Adabka da Anka sun sha ɗaure kwandon dashenka a bayan babur, kana bin su har bakin hanya kana jaddada musu kada su binne tabon cikin ƙasa.

Yanzu sai in zo kan abin da na yi shekara takwas ina kewaye shi.

A farkon daminar 2016 ka kawo dashen lemun zaƙi guda talatin, ka ce sadaka ce ga masallacin Juma'armu, a dasa a filin da ke bayansa, godiya ga garin da ya ba ka ƙasa ya ba ka mata. Dattawa suka ji daɗi. Da aka zo maganar wanda zai kula da lambun, Alhaji Sahabi, shugaban kwamitin masallaci, ya nuna ni. Ni ne mai takardar aikin gona daga kwaleji, ni nake koyar da shi a makaranta, har wasu na kira na malamin gona. Gaskiyar magana, ban taɓa aurar da ko da itace ɗaya ba. A allo na sha zana shi, da alli mai launi biyu.

Muna gama dashe aka aiko maka cewa mahaifiyarka ba ta da lafiya. Kafin ka hau mota ka ja ni gefe, ka durƙusa gaban dashe ɗaya, ka ce, "Malam Halilu, ruwa na sauka za su yi toho biyu. Ka cire ɗan gida, ka bar baƙo." Ka ɗaga ganye kana so ka nuna mini yadda ake bambancewa. Ni kuwa hankalina na kan dattawan da ke kallonmu daga inuwa, ina jin nauyin a ce mai tsintar ƙwallo yana koya wa malamin gona aiki. Na katse ka na ce, "Haba Malam, ai mun karanta wanga duka." Ka dube ni, ka miƙe, ka karkaɗe gwiwarka ka tafi.

Bayan wata guda abin da ka faɗa ya faru. Kowane dashe ya fito da toho biyu. Ɗaya kakkaura, kore shar, mai ƙaya, yana ta miƙewa. Ɗaya siriri, yana tafiya a hankali kamar mai jin kunya. Na tsaya da almakashi ina lalubo maganarka. Na tuna akwai ɗan gida, akwai baƙo, akwai cirewa, amma na kasa tuna wa za a cire. Lambar wayarka na cikin aljihuna, girman kai ya hana ni kira. Sai na yi hukunci da abin da na tashi a kai: wa ke korar ɗan gida ya bar baƙo? Ga shi kuma ido ya nuna mini wanda ya fi lafiya. Cikin safiya ɗaya na bi itace talatin na datse duk sirirran. Na tattara su na zuba wa awakin liman.

Lambun ya yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Mutane na wucewa suna cewa boko dai ya yi rana.

Wata uku ka yi a gida har ka binne mahaifiyarka. Washegarin dawowarka ka zo lambun, ni kaɗai ka iske. Ba ka ko shiga ba, daga bakin ƙofa na ga fuskarka ta sauya. Ka tsinki ganye ɗaya ka murza, ka miƙo mini. Warin lemun tsami ya bugi hancina. Ka durƙusa ka nuna mini tabon auren, ga kututturen baƙo ya bushe a samansa da sawun almakashina, ga tohon da na bari ya fito daga ƙasan tabon. Ba ka yi faɗa ba. Ka ce, "Ba komai, shekara ɗaya ce ta tafi. Gindin na nan lafiya. Ka gaya wa su Alhaji, sai mu datse su mu sake aure." Na ce ka bari ruwa ya ɗauke. Ka ce to, amma ni ne zan faɗa musu, don ba za ka je bayana ka kunyata ni ba.

Ruwa ya ɗauke, na ce ka bari a gama jarrabawa. Aka gama jarrabawa, na ce ka bari damina ta zo. Kowace shekara itatuwan na ƙara girma, yabon da ake yi mini na ƙaruwa, faɗar gaskiya na ƙara nauyi. Ta yaya zan tsaya gaban mutanen da ke jan guga duk rani, gida-gida ana karɓa-karɓa, in ce musu tsami suke ba ruwa? Har na riƙa yaudarar kaina cewa wataƙila ka yi kuskure, wataƙila wasu za su fito da zaƙi. In na hango ka a kasuwa sai in sauya layi. Sau uku ka zo har gida, sau biyu na sa aka ce ba na nan. A na ukun ka ce mini, "Malam Halilu, itace ba ya riƙe sirri. Ranar da zai yi magana, a gaban jama'a zai yi."

A ƙarshen 2020 ya yi maganar. Itatuwan suka yi 'ya'ya jingim, manya-manya masu kaushin ɓawo. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko, a tsinki na farko a raba. Rabin gari ya taru, kai ma aka kira ka, ka zo da farar rigarka ɗaya tilo. Alhaji Sahabi ya yi bisimilla ya yanka ɗaya ya kai baki. Har yau ina ganin yadda ya runtse ido. Ya sa aka tsinko daga na biyu, da na biyar, da na can ƙarshen shinge. Duk tsami.

Ya juyo gare ka ya ce, "Malam Hamza, mi munka yi maka? Shekara huɗu muna jan guga, wanga ne sadakar taka?" Wani daga baya ya ce, "Masu kyawon ya kai kasuwar Gummi, mu yab ba mu na yarwa." Wani ya ce dama ba a san asalinka ba.

Ina tsaye kusa da Alhaji, tsakanina da kai bai fi taku huɗu ba. Ka dube ni sau ɗaya, ba kallon tuhuma ba, kallon mai ba mutum hanya ya wuce. Jimla ɗaya ake nema daga bakina. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Da ka ga haka sai ka ce, "Daga hannuna dashen nan suka fito. Ku yi haƙuri, kada ku sare su. Ku ba ni damina uku." Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma ambaci sunana ba. A wannan yammacin aka soma ce maka Hamza Tsami. Karo na biyu ke nan na yanke baƙo na bar ɗan gida, kuma wannan karon na san abin da nake yi.

Na ga abin da sunan ya yi maka. Labari ya riga ka zuwa kasuwanni. Masu babur suka daina tsayawa a shingenka, dashen da ka raina shekara biyu suka yi girma a cikin leda har saiwa ta fasa ta shiga ƙasa. Mai auren itace ba shi da abin sayarwa sai amana, domin mai saye ba zai san gaskiyarsa ba sai bayan shekaru. Wannan amanar na ɗauke maka. Ka koma noman albasa don ciyar da gida. 'Yarka Nusaiba tana ajina a lokacin. Ranar da yara suka sa ta a tsakiya suna kiran ta ɗiyar Tsami, ta zo wurina tana kuka, abin da na iya kawai shi ne na daka musu tsawa na ce kowa ya buɗe littafinsa.

Da damina ta kawo jiki ka zo da zarto da wuƙa. Kwamiti ya ce in tsaya a kanka don kada ka sake cutar masallaci. Ni, a kanka. Ka datse itatuwan talatin daidai ƙugu, ka jira sabon toho, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana sa ido kana naɗewa. Ni ke riƙe maka zirin leda. A nan na koyi aikin da nake da takardarsa: yadda ake karkata wuƙa, yadda ba a taɓa cikin yankan da yatsa, yadda ake sa idon a gefen da rana ba ta dukansa. Ka koya mini kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, har kana tsokana ta cewa hannun malamin gona ya fi sabawa da alli.

Wata rana na kasa daurewa na ce, "Malam, don mi ba ka hwaɗa musu ba?" Ba ka ɗago daga aikinka ba. Ka ce, "Kai a nan aka binne cibiyarka, a nan za a binne ka, ga yara na kiran ka malam. Ni in abin ya ishe ni, jakata ɗaya ce. Kuma maganar taka ce, ranar da ka shirya za ka faɗa." Na ce insha Allahu kwanan nan. Ka ce Allah Ya nufa.

Ba ka ɗauki jakar ba. Bara itatuwan suka soma da 'yan kaɗan, masu zaƙi kamar an zuba zuma. Na ce a raina to yanzu sunan zai mutu da kansa, na huta. Bai mutu ba. Cewa aka yi Malam Halilu ya tsare shi har ya gyara ɓarnarsa, ni kuma na karɓi wannan yabon ma, na yi shiru. Bana rassan har ƙasa suke taɓawa, sai da aka tokare su da sanduna. Na yi niyyar ranar rabon bana zan tashi in yi magana. Saura kwana uku a yi rabon ka cika. Na ɗauka kullum akwai sauran wata Juma'ar.

A maƙabartarmu muka kai ka, Malam, cikin ƙasar da aka ce ba a san asalinka a cikinta ba. Ina cikin waɗanda suka zuba maka ƙasa.

Ranar addu'ar uku na nemi iso wurin Mansura. Na tsaya a bakin zaure, tana daga bayan labule, na soma kame-kame. Ta tare ni ta ce, "Na sani, Malam Halilu. Tun randa yad dawo daga Zariya yag gaya mani, yac ce in kama bakina, kai ad da magana." Sannan ta ce, "Ni na yahe maka. Amma ɗiyan ga ba su sani ba, kuma su aka kira da sunan." Shekara huɗu tun da aka laƙaba maka sunan, matar nan tana gaishe ni a hanya, tana aiko wa gidana da albasa, alhali ta san komai. Na fita daga zauren ban san ta inda na bi na isa gida ba.

Don haka nake shaida wa duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, a Tungar Yalwa da Bukkuyum da Anka da Gummi, da kowace kasuwar da sunan ya shiga: lemun zaƙi talatin Malam Hamza ya ba masallacinmu, lafiyayyu, aurarru, babu na yarwa ko ɗaya. Ni Halilu na datse su da hannuna saboda jahilci, na ɓoye saboda girman kai, na bari aka ɗora masa saboda tsoro. Mai shakka ya zo in kai shi lambun. Kowane itace yana da tabo biyu. Na ƙasa, kusa da gindi, akwai busasshen kututture a kansa, wannan aikina ne. Na sama, inda zaƙin ya fito, nasa ne. Na roƙi liman ya ba ni dama in karanta wannan da bakina ranar Juma'a mai zuwa, a wurin da na yi shiru, kuma na roƙi Nusaiba da ƙannenta su kasance a kusa.

Ban san ko an yarda mai rai ya nemi gafarar wanda ya riga ya tafi ba, Malam. Na san dai ka ba ni shekara takwas in nema kana ji, ban yi ba. Ina roƙon Allah Ya isar maka da wannan roƙo nawa.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Hamza, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, Ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka sa kowane lemu da kowane mangwaro da aka ci daga aikin hannunsa ya zama sadaka mai gudana gare shi, Ka saukar da shi a Aljannar Firdausi, inda ba a ce wa kowa baƙo. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mansura, da Nusaiba da ƙannenta, da danginsa na ƙasar Zariya, da duk wanda ya taɓa zama a inuwar itacen da ya aurar. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Abu ɗaya nake roƙon mutanen garinmu. In za ku ambace shi, ku ce Malam Hamza mai auren itace. Ɗaya sunan kuwa, in bakinku ya saba da shi har ba ku iya bari, mai shi yana nan da rai, kullum da safe yana makarantar firamare.

Halilu, malamin makaranta,
Tungar Yalwa, Bukkuyum.